Yadda za ka gane shekarar tsohuwar bas ɗin Volkswagen da inda za ka fara gyara

Malam, ka tambayi shekarar da aka ƙera bas ɗinka mai gilashin gaba rabe biyu, da kuma inda ya kamata ka fara gyara. A Jamus an ƙera wannan samfuri daga 1950 zuwa 1967, amma Brazil ta ci gaba da yin sa har 1975, saboda haka ka fara tabbatar da ƙasar da ta fito. Idan ta Jamus ce, murfin injin mai faɗi sosai yana nuna an yi ta kafin Maris 1955, ƙofar baya mai faɗi ta zo ne da samfurin 1964, wutar batir mai ƙarfin volt 12 kuwa sai a samfurin 1967. Daga samfurin 1965, lamba ta uku a lambar shasi ita ce lambar ƙarshe ta shekarar samfurin.

A ganina tsatsa ce ta fi gaggawa, don haka ka duba ƙarƙashin ƙofofi, daɓen motar da mazaunin batir. Injin kuma iska ce kaɗai ke sanyaya shi, saboda haka kada ka tuƙa motar ba tare da cikakkun farantan ƙarfe da robobin da ke kewaye da shi masu sarrafa iskar ba, domin silinda ta uku tana saurin ɗaukar zafi. Ba shi da filtar mai sai rariya, don haka ka riƙa juyen baƙin mai duk kilomita 5,000, ka daidaita bawul injin yana sanyi.