Komawa makaranta a shekara 27: amsa ga ɗan'uwanmu na Nima

Ƙanena, na karanta tambayarka. Ka ce lissafi ya kayar da kai sau biyu a WASSCE, jarrabawar gama sakandare, abokanka sun gama Jami'ar Ghana ta Legon, kai kana da shekara 27 kana gyaran waya a Circle, cikin Accra, kana tsoron lokaci ya ƙure maka.

Bai ƙure ba. Ni ma sai a zama na uku na samu C6 a lissafi, ina bita bayan sallar isha'i a Mamobi, da gajiyar kasuwa a jikina.

Kafin komai, tambayi kanka me kake nema. Digiri don a ce ka yi, ko ilimin da zai ɗaga sana'arka? Mai hannu a gyaran waya kamarka, karatun lantarki a Accra Technical University zai iya fi masa amfani nesa ba kusa ba.

In digirin ne, jami'a na son makin A1 zuwa C6 a darussa 6; D7 ba ya shiga. Ka yi rajistar Nov/Dec, jarrabawar masu zama na ƙashin kansu ta hukumar WAEC, a kan darasin da ya kayar da kai kawai, kada ka kwaso duka. Sannan wanda ya kai shekara 25 yana iya shiga ta jarrabawar manyan ɗalibai.

Don Allah ka guji masu sayar da "apo", wato tambayoyin jarrabawa na sata. WAEC na soke sakamako, kuɗinka da shekararka su tafi.

Kafin ka sayi fom, ɗauki sakamakonka ka je ofishin ɗaukar ɗalibai na makarantar, su faɗa maka ƙa'idar bana. Allah Ya ba da sa'a.