Karatun taurari a darasin fizik, shin sihiri ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Allah gafarta Malam, ni ɗalibi ne a wani lise, wato makarantar sakandare, nan Garwa ina shirin bak, jarrabawar kammala sakandare, bana. A darasin fizik an koya mana wai rana ma tauraro ce, kuma taurari iskar gas ce mai ci da wuta, har ƙarfen da ke cikin jininmu wai a cikinsu aka yi shi. Da na faɗa a gida kawuna ya ce in bar wannan karatu don Annabi (SAW) ya ce ilimin taurari sihiri ne. In bari ko in ci gaba?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana kar ka bar karatunka, halal ne. Amma kawunka ma ba daga kansa ya ƙago maganar ba, hadisin yana nan, Abu Dawud ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa wanda ya ɗebi wani ilimi daga taurari to ya ɗebi wani yanki na sihiri. Abin da ya rage shi ne a san wane ilimi ake nufi, don malamai tun da can sun raba shi biyu. Akwai ilmut ta'asir, wato mutum ya ce tauraro kaza ne ke kawo arziki ko mutuwa ko aure ko ruwan sama, wannan shi ne haram, kuma shi ne dai oroskof ɗin nan da yaranmu ke karantawa a Facebook da Faransanci suna cewa ai wasa ne. Ba wasa ba ne. A Hudaibiyya bayan an kwana ana ruwa Annabi (SAW) ya sanar da sahabbai cewa wanda ya ce an yi mana ruwa saboda tauraro kaza ya kafirce wa Allah ya yi imani da tauraro, Buhari da Muslim duk sun kawo shi.

Na biyun shi ne ilmut tasyir, sanin tafiyarsu da matsayinsu don gane hanya da alƙibla da lokaci, wannan Alƙur'ani da kansa ya ambace shi a matsayin ni'ima, Suratun Nahli aya ta 16. Kakanninmu da taurarin Kaza da 'ya'yanta da Gamzaki suke gane dare ya raba ko asuba ta kusa, ba wanda ya ce sun yi tsafi.

To naku na fizik ma bai kai nan ba, tambaya ce kawai ta mene ne wannan abu kuma da me aka yi shi, kamar yadda likita ke tambayar me ke cikin jini. Kuma ba duba suke yi ba, awo ne. Ka watsa gishiri a wutar gas ka ga ta koma ruwan ɗorawa, kowane sinadari da kalar da yake bayarwa, to haka suke raba hasken tauraro da gilashi su karanta layukan da ke ciki su gane sinadaran. Ta haka aka ga alamar sinadarin heliyom a hasken rana a 1868 tun kafin a same shi a ƙasa a 1895, sannan a 1925 wata mata Cecilia Payne ta nuna yawancin jikin taurari haidurojin ne. Zafinsu kuma je ka wurin maƙeri ka tsaya, ƙarfe in ya fara zafi ja yake, in ya ƙara sai ya yi fari, taurari ma jajayen su ne masu ƙarancin zafi, masu fari da shuɗi sun fi. Fatar rana wajen digiri 5,500 ce, cikinta kuwa wajen miliyan 15, tana nesa da mu kilomita miliyan 150 haskenta na ɗaukar minti 8 da 'yan daƙiƙu kafin ya iso Garwa. Ni wallahi duk sanda na karanta "wa annahu huwa rabbush shi'ira" a Suratun Najmi, wato Shi ne Ubangijin tauraron Shi'ira, na tuna hasken Shi'ira ɗin nan sai ya yi shekara 8 da rabi da ɗoriya a hanya kafin ya shiga idona, sai in ji tsigar jikina ta tashi.

Sai dai zancen ƙarfe ina so ka yi hattara. Masana sun ce a cikin manyan taurari yake samuwa, in sun fashe ya watsu, ka rubuta haka a jarrabawa ba laifi, sababi ne kuma Allah ne ya halicci sababin. Abin da ban yarda da shi ba shi ne masu yanke cewa "wa anzalnal hadida" a Suratul Hadid aya ta 25, wato kuma mun saukar da ƙarfe, wannan take nufi tabbas. An ruwaito daga Hasanul Basri cewa ma'anarta mun halitta, kuma a Suratuz Zumar aya ta 6 an yi amfani da kalmar saukarwa a kan dabbobin ni'ima, raƙumi da saniya ba daga tauraro suka faɗo ba ai. Kar ka ɗaura aya a kan binciken da gobe ana iya gyara shi.

Kawunka kuma kar ka je masa da gardama a gaban mutane, ka same shi bayan isha'i shi kaɗai ka karanta masa wannan amsa, in bai gamsu ba ku zo tare ranar Asabar bayan karatu. Wallahu a'alam.