Tambaya da Amsa: Ƙarar Ƙafar Gaba

Malam, tsohuwar bas ɗina mai ɗakin kwana tana yin "ƙwal-ƙwal" daga gaba idan na faɗa rami, sitiyari yana yawo, taya kuma na cinyewa ta ciki. Bakanike ya ce bushin ne. In canza gefe ɗaya?

Ɗan'uwa, canza duka biyun, domin tare suka tsufa. Bushin roba ce cikin zoben ƙarfe, tsakanin hannun ƙafa (ƙarfen da ke riƙe da taya) da shasi. Irin motarka kullum tana ɗauke da gado da tankin ruwa, ga doguwar ajiya, sai robar ta bushe ta tsattsage.

Ɗaga motar, ka tokare ta da ƙarfen tsayarwa. Don Allah kada ka shiga ƙarƙashi jak kaɗai ke riƙe da ita. Sa ƙarfe ka banƙara hannun. In ya yi wasa da yawa, robar ta mutu. A cire tsohuwar da injin matsewa, a shafa wa sabuwar ruwan sabulu, ban da baƙin mai, yana cin roba.

Abin da na fi jaddadawa: kada a ƙarasa ɗaure noti sai motar ta sauka kan tayoyinta, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe, ta yage da wuri. Daga nan a kai ta saitin taya.