Minshari da muryar da ke dushewa da safe

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin ce maigida yana minshari, wani lokaci numfashinsa ya ɗauke sai ya zabura, da safe kuma muryarsa a dushe, kina tambaya ko da alaƙa. Akwai, ni ma na sha wannan wahalar.

Ni ladan ne a masallacin unguwarmu. Kusan shekara uku kiran Azahar da La'asar na fita lafiya lau, amma na Asuba sai murya ta fito a shaƙe kamar mai mura, maƙogwaro ya bushe ƙamas. Na sha zuma da citta har na gaji. Uwargida ce ta gano bakin zaren. Ta ce wani dare ta zauna tana kallona, na yi shiru ba numfashi har ta girgiza ni don tsoro.

Ga yadda likitan kunne, hanci da maƙogwaro ya yi mini bayani. In mutum ya yi barci naman maƙogwaro kan saki, harshe ya koma baya, beli da naman da ke kewaye da shi su toshe hanyar iska. Minshari karkarwar wannan naman ce. Kwana yake yana kaɗawa, ga baki a buɗe iska tana busar da shi, wasu kuma ƙwannafi na taso musu da ruwan ciki mai tsami ya ƙona inda murya ke fita. Ina muryar za ta samu lafiya da asuba? Hanyar da ke toshewa da dare ita ce magana ke bi da rana, shi ya sa masu bincike ke gwada ko kwamfuta za ta gane wannan cuta ta ɗaukewar numfashi cikin barci daga sautin muryar mutum. Amma murya alama ce kawai, gwajin barci ne ke tabbatarwa.

A gwajin ana ƙirga sau nawa numfashi ya tsaya ko ya ragu na daƙiƙa 10 zuwa sama a cikin awa ɗaya. Daga 5 zuwa 15 mai sauƙi ne, zuwa 30 matsakaici. Nawa ya haura 30, wato mai tsanani. Aka rubuta mini na'urar CPAP, wadda wani likitan Ostareliya, Colin Sullivan, ya fito da ita a 1981. Iska take turawa ta hanci don kada hanyar ta rufe. Tana da tsada, ga matsalar wuta, sai da na haɗa da batir. Makon farko na sha takura, amma kafin wata biyu jama'a da kansu suka ce muryata ta dawo. Gyangyaɗin bayan Azahar ya tafi, na rage ƙiba, na koma kwana a gefe.

Don Allah kada a kai shi wurin wanzami a ce a cire beli. Ba zai buɗe hanyar ba, ga haɗarin zubar jini. A auna masa hawan jini, a duba ƙwayar wuya mai kawo maƙoƙo, domin raunin aikinta na dusar da murya ya kuma jawo wannan toshewar. In dushewar ba ta washewa da rana har ta wuce mako huɗu, musamman in yana shan taba, a leƙa maƙogwaron da gaggawa.

Yau da dare ki ɗauki sautin barcinsa a waya, ki kunna masa cikin lalama, ku tafi da shi wurin likita. Ni ma sai da na ji nawa da kunnena na yarda. In yana tuƙi mai nisa, ya dakata tukuna. Allah ya ba shi lafiya.