Shugabar sashe, makarantar manya da malfar jaji: amsoshin tambayoyinku

Malam, ina aiki a Amurka, a irin kwalejin nan ta shekara biyu da ake koyar da sana'a da karatun yamma. Mace ce ke riƙe da sashenmu na ilimin manya, kuma zan rubuta wa Hausawan garinmu sanarwa. In ce "shugaban sashe" ko "mace shugaba"? Ita kuma kwalejin, me zan kira ta?

'Yar'uwa, "shugabar sashe" za ki rubuta. Shugaba kalma ce da namiji da mace suka yi tarayya a cikinta, asalinta "shiga gaba" ne aka dunƙule. Harafin da ke liƙa ta da kalma ta gaba shi ke faɗin jinsi: shugaban sashe namiji ne, shugabar sashe mace ce. Aikatau ma sai ya bi: shugabar ta ce, ta zo, ta sa hannu. Saboda haka "mace shugaba" maimaici ne, fassara ta kawo mana shi daga harshen da ba shi da wannan harafi. Haka ake yi da kalmomin aro masu ƙarewa da "a". Farfesa Ruƙayyatu Ahmed Rufa'i ministar ilimi ce daga 2010 zuwa 2013, Farfesa Fatima Batul Mukhtar kuma shugabar Jami'ar Tarayya ta Dutse ce daga 2016 zuwa 2021.

Inda ake tuntuɓe shi ne jam'i. "Shugabannin mata" na iya zama maza ne zalla da aka ɗora a kan mata. In kina nufin su kansu mata ne, ki ce "shugabanni mata". "Shugabancin mata" ma harshen damo gare shi, ba a san ko mata ke jan ragama ko su ake ja ba. Ki warware shi: "shugabancin da mata ke yi". Ki kuma kula da sakatariya, don mace mai muƙamin da ginin ofisoshin duk haka ake rubuta su. Ki haɗa ta da sunan sashen, a gane mutum kike nufi.

Kwalejin kuwa, "kwalejin al'umma" ta karɓu, amma Bahaushen da bai san Amurka ba zai ɗauka 'yan unguwa ne suka yi karo-karo suka gina. A farkon ambato ki ƙara jimla ɗaya: kwaleji ce ta gwamnati ta shekara biyu, galibi jeka-ka-dawo, kusan duk wanda ya gama sakandare tana karɓarsa, ana fita da takardar sana'a kamar jinya ko walda, ko a wuce jami'a a ƙarasa digiri. Wadda ake ɗauka ta fi daɗewa cikinsu ita ce ta garin Joliet a jihar Ilinoi, an buɗe ta a 1901.

Malam, mun buɗe ajin matan aure a unguwarmu, an rubuta "Yaƙi da Jahilci" a allon ƙofa. Wasu sun ƙi zuwa, wai an zage su. Suna da gaskiya?

Malama, suna da hujja. Yaƙi da Jahilci sunan gangamin koyar da manya karatun boko ne da gwamnatin Jihar Arewa ta yi a shekarun 1950, Malam Ahmadu Kumasi na cikin jagororinsa, kuma daga Zariya ake buga littattafansa. Sunan ya zauna har ya zama sunan kowane ajin manya. Amma jahili a kunnen Bahaushe ba wanda bai iya ABCD kawai ba ne, wanda bai san addininsa ba ne, ko marar kan gado. Matar da ta sauke Alƙur'ani, tana karanta ajami, tana riƙe lissafin adashin mutum ashirin a ka, in ta wuce ƙarƙashin wannan allo ta amsa sunan jahila a gaban maƙwabta. Hukumomi ma sun sauya harshe: wadda gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a Kano a 1980, hukumar ilimin manya ake ce mata.

Ku rubuta "Makarantar Matan Aure" ko "Ajin Ilimin Manya". Sai dai a lura da jeri. Makarantar manya ita ce ta balagaggu, manyan makarantu kuwa su ne jami'a da kwaleji. Na sha ganin an musanya su a takardar neman tallafi, sai takardar ta tafi teburin da ba nata ba.

Malam, na ji ana cewa "jaji" ga matan da ke koyarwa a zamanin Nana Asma'u. Mece ce ma'anarta, kuma za a iya kiran shugabar cibiyar mata da ita?

Wannan tambaya ta faranta mini rai. Jaji kalmar fatauci ce, ta mai jan ayari, 'yar gida ɗaya da madugu da jagaba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ita ta ɗauko kalmar daga hanyar fatake ta ɗora wa mata. Dalilin a fili yake: aikin tafiya ne. Jaji dattijuwa ce amintacciya a ƙauyensu, takan tattara ɗalibai ta jagorance su a ƙafa zuwa wurin malamar, su ɗauki karatu, ta komo da su gida lafiya. Su ɗaliban ake kira 'yan taru, daga "taru", wato waɗanda suka haɗu. Masu tafiyar 'yan mata ne ƙanana da mata masu shekaru, domin matan da ke tsakiyar haihuwa da raino ba su iya barin gida. Waɗanda suka je su ke kawo musu karatun har cikin ɗaki. Darasin kuma a waƙe yake, da Hausa ko Fulatanci, kan tauhidi da alwala da salla da kyawawan halaye, yadda mace za ta haddace tana daka ko kaɗi ba tare da ta riƙe takarda ba. Sukan zo da sadaka, hatsi ko zuma ko man shanu, a raba wa mabukata.

Naɗin jaji ne ya kamata masu nazari su tsaya a kansa. Asma'u takan ba jaji malfa, ta naɗe ta da jan rawani. Malfa a ƙasar Gobir alamar Inna ce, 'yar sarautar da ke shugabancin mata da bori. Mutanen karkara sun riga sun san matar da ke sanye da malfa ana saurara mata, sai aka bar musu alamar aka sauya abin da take ɗauke da shi. Bayan rasuwar Asma'u ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin.

To, shugabar cibiya da ke zaune a ofis ba jaji ba ce, shugaba ce. Jaji ita ce matar nan da ke bin gida-gida tana shawo kan maigida da uwar miji, tana rako ɗalibai, tana bin sawun wadda ta daina zuwa. Cibiyoyi da yawa kan buɗe da aji cike, kafin damina ta wuce ya koma rabi, kuma sau da yawa rashin wannan mata ne sanadi. A ganina a ba ta sunanta, a kuma sa mata alawus a kasafi. Kalma ɗaya zan ja kunne a kanta: magajiya. Sarauta ce mai daraja a Daura da wasu masarautu, amma a bakin mutanen birni "gidan magajiya" ya ɗauki wata ma'ana, don haka kada a laƙaba wa shugabar makaranta ita.

Malam, "gemu ba ya hana ilimi" ya dace a ajin mata, tunda mace ba ta da gemu?

Ya dace, Hajiya. Gemu a nan shekaru yake wakilta, kuma karin magana ba a yi mata kwaskwarima don jinsin mai sauraro. Wasu kan kawo "icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi" su ce ya rushe ta. Bai rushe ta ba, wancan tarbiyya yake nufi, gyaran hali, ba koyon karatu ba. Amma in kin duba, abin da ke hana matar aure karatu ba shekaru ba ne: goyo ne, da girki, da fashin makonni in an yi haihuwa ko rasuwa. Wadda ta dawo bayan fashi tana jin kunyar an wuce ta, abin da za a gaya mata shi ne "sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba".

Malam, za mu karrama shugabarmu ranar yaye ɗalibai. Wane kirari ya fi, "kallabi tsakanin rawuna" ko "mace mai kamar maza"?

Kallabi tsakanin rawuna na mace ɗaya ce a cikin taron maza, kamar wadda ita kaɗai ce mace a majalisar gudanarwar kwaleji. In malamai da ɗalibai duk mata ne, babu rawunan, kirarin ya faɗi ƙasa banza. "Mace mai kamar maza" kuwa kirarin jarumta ne da ake jingina wa Sarauniya Amina ta Zazzau, kuma cikonsa "kwari ne babu", wato abu ɗaya ya rage mata ta cika. Ni ba zan yi wa malamar da ta koya wa mata ɗinki da lissafi awo da mudun mayaƙa ba. Ku ce mata uwa ma ba da mama, ya fi dacewa da ranar, don yaye kansa daga cire yaro a nono aka aro shi. A takardar gayyata kuma ku rubuta "waɗanda aka horas" ko "aka koya wa sana'a". Kada ku rubuta "waɗanda aka yi wa horo", domin mai karatu zai ɗauka hukunta su aka yi.