Amsa: Shin ya dace in zuba kuɗi a gilashin 70-200mm f/2.8?

Malam, ka ce kana da kyamara mai ƙaramar sensa (ɓangaren da ke karɓar haske ya zama hoto) da gilashin 70-300mm mai sauƙin kuɗi, kana ɗaukar taro a cikin zaure da wasan ƙwallo, wani lokaci kuma tsuntsaye, kuma ranka ya biya ga 70-200mm f/2.8 wanda kuɗinsa ya fi na ita kanta kyamarar. Tambayarka ita ce ko zai biya kuɗinsa.

Abu na farko da za ka riƙe shi ne, tsadar wannan gilashi ba ta nisa ba ce. Wanda ke hannunka yanzu ya fi shi janyo abu, tunda ya kai 300 shi kuwa ya tsaya a 200. Abin da kake saye shi ne haske, sai saurin kama saiti, sai ƙarfin jiki. In matsalarka ba ta cikin ukun nan, kuɗin zai tafi ne hotonka bai canza ba.

Bari mu tsaya kan hasken, don nan ne zancen yake. Gilashinka idan ka zuƙo shi har ƙarshe ƙofarsa ta shigar haske na tsukewa ta koma f/5.6 (ƙaramar lambar f na nufin ƙofa mai faɗi). Mai tsadar yana nan a f/2.8 daga 70 har 200. Tsakanin 5.6 da 2.8 mataki biyu ne, wato haske ninki huɗu. Ka ɗauka kana zaure da daddare, kana buƙatar saurin ƙifta 1/250 na daƙiƙa don kada hannun mai jawabi ya goge, kyamara ta ce sai ISO 6400 a f/5.6 (ISO shi ne ƙarin ƙarfin jin haske da ake ba sensa). Hoto ya fito da yashi-yashi, launin fata ya lalace. A wuri ɗaya, da f/2.8, ISO 1600 ya ishe ka, a kan ƙaramar sensa kuwa wannan bambanci ido na ganinsa ƙarara. Haka filin ƙwallo da yamma ko a ƙarƙashin fitilu, inda ake son 1/1000 don a tsayar da ƙafa da ƙwallo. Amma da rana tsaka, a f/8, ka jera hotunan gilashin biyu, mutane da yawa ba za su bambance su ba sai an faɗaɗa sosai.

Kada ka dogara da na'urar hana rawar hannu ta cike maka gurbin nan. Canon na kiranta IS, Nikon VR, Sony OSS, amma aikinta ɗaya: tana gyara motsin hannunka ne kawai, ba ta tsayar da wanda kake ɗauka. Tana iya ba ka bango da kujeru tangaran a 1/30, mutumin da ke tafiya kuwa ya fito kamar inuwa.

Sai maganar narkewar baya, wadda ita ce ke jan yawancin masu saye. Gaskiya ne yana raba mutum da bayansa da kyau. Amma ka san abin da ke tattare da hakan: a 200mm, f/2.8, mutum na nisan mita 3, abin da zai fito da kaifi bai wuce santimita 4 ba a babbar sensa, a taka ma bai kai haka ba. In saiti ya sauka kan hanci ko kafaɗa, ido ya tafi. In mutum biyu ne ɗaya ya ɗan ja baya, ɗayansu ya dusashe. Da yawa kan ce sabon gilashinsu ba shi da kaifi alhali wannan ce matsalar. Ka sa saitin a kan ido, ka kuma tsuke zuwa f/4 ko f/5.6 in mutane sun wuce ɗaya.

Game da tsuntsaye kuwa, ba zan ɓoye maka ba, 200mm ya yi gajere. Ƙaramar sensa tana taimakawa, don a Nikon da Sony da Fujifilm ana ninkawa da 1.5, a Canon 1.6, sai 200 ya yi kamar 300 ko 320. Duk da haka tsuntsu mai tsawon santimita 15 da ke nisan mita 10 kusan kashi ɗaya cikin takwas na faɗin hotonka kawai zai cika. In ka yanke rabin faɗi da rabin tsayi don ya girma, hoton megafiksel 24 ya koma 6. Mai son tsuntsaye da namun daji 100-400mm ko 150-600mm irin na Sigma da Tamron ne nasa, ko 200-500mm na Nikon, ko 200-600mm na Sony. Su kuma ƙofarsu f/5.6 ce ko f/6.3 a ƙarshe, ba su da amfani sosai a zaure. Babu gilashi ɗaya da zai yi maka aikin biyu yadda kake so, don haka ka zaɓi wanda ya fi yawa a aikinka.

Akwai mahaɗin ƙara nisa da ake sawa tsakanin kyamara da gilashi. Mai 1.4 yana mayar da 200mm f/2.8 ya zama 280mm f/4, mai 2 kuma 400mm f/5.6, tare da raguwar kaifi da saurin saiti. Na farkon yana da kyau, na biyun na maleji ne. Ka kuma bincika kafin ka saya, don ba kowane gilashi ke karɓa ba. RF 70-200mm f/2.8 na Canon na farko, na kyamarorinsa marasa madubi, wanda ya fito a 2019, ba ya karɓar mahaɗin ko kaɗan.

Nauyi shi ne abin da ba a lissafawa sai an saya. Irin na kyamarori masu madubi, Canon EF da Nikon F, sun kusa kilo ɗaya da rabi. Sababbi na kyamarori marasa madubi wasu sun sauko kusan kilo ɗaya. Minti biyar a hannu ba komai ba ne, awa biyar kuwa kafaɗa da wuyan hannu za su gaya maka. Gilashin da ya yi nauyi shi ake fara bari a jaka. Shi ya sa nake ganin 70-200mm f/4 ba a ba shi haƙƙinsa: nauyinsa kusan rabi, gram 700 zuwa 800 a irin na Canon, kaifinsa bai gaza ba, abin da ka rasa mataki ɗaya ne na haske. In yawancin aikinka a waje yake, shi ya fi dacewa da kai.

Kafin ka fitar da kuɗi, ga abin da za ka yi. Buɗe hotunanka na wata shida a kwamfuta, ka duba bayanan da kyamara ke rubutawa a jikin kowane hoto. Ka ware waɗanda suka lalace, ka ga dalili. In yawancinsu tsakanin 70 da 200 suke, ISO ya haura 3200, ko motsi ya goge su, to f/2.8 magani ne, ka saya ba tare da shakka ba. In kuwa kullum gilashin na maƙale a 300 kuma kana yankewa, nisa kake nema. In hoton ya goge ne da rana, duba saurin ƙifta: a 300mm kan ƙaramar sensa, ƙasa da 1/500 rawar hannu za ta shiga, wannan kuwa saiti ne ke gyara shi. Haka in abin na da nisa ƙwarai kuma rana ta take, zafin da ke tasowa daga ƙasa yana sa iska rawa, ƙura ma na cinye kaifi, babu gilashin da ke maganin wannan sai ka matsa kusa ko ka fito da sassafe. Bayan haka, in da hali, ka yi haya ko aro na kwana biyu ka yi ainihin aiki da shi tun daga farko har ƙarshe.

Ka tabbatar da bakin da zai shiga kyamararka. Gilashin EF na hawa kyamarar RF da adafta, amma na RF ba ya hawa tsohuwar kyamara mai madubi. Na Nikon F na hawa kyamarar Z, wato marar madubi ta Nikon, da adaftar FTZ, sai dai tsofaffin gilasai samfurin AF-D ba sa kama saiti da kansu a kai. In kana shirin canza kyamara nan gaba kaɗan, ka yanke wannan shawarar tukuna.

Na hannu hanya ce mai kyau, don irin waɗannan gilasai suna daɗewa, amma sai ka duba da kyau. Cire murafu biyun, ka haska tocila ta baya ka leƙa ta gaba. 'Yar ƙura ba ta komai. Abin gudu shi ne fumfuna, mai kama da zaren gizo-gizo, da hazo a cikin gilashin. Juya zoben zuƙowa ka ji ko yana cijewa a wani wuri. Kama saiti daga kusa zuwa nesa sau da yawa, kana sauraron ƙara ko tsayawa. Sannan ka ɗauki bangon bulo kai tsaye a f/2.8, a 70 da 135 da 200, ka gwada kusurwoyi huɗun. In gefe ɗaya ya fi ɗaya dusashewa, gilashin ya taɓa faɗuwa ko wani ɓangare ya goce a ciki, gyaransa kuwa ba arha.

Ka bar wani abu a lissafinka don abubuwan da ke biyo baya: jaka mai ɗaukarsa, sanda mai ƙafa ɗaya don filin wasa, da akwati mai rufuwa da ƙwayoyin tsotse laima, don fumfuna a wuri mai damshi da duhu take tsirowa. Laimar kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari ita ake so a wurin ajiya. In za ka ɗora shi kan mai ƙafa uku, ka ɗaura ta zoben da ke jikin gilashin, kada ka ɗaura ta gindin kyamara, don nauyin da ke rinjaya gaba yana wahalar da bakin kyamarar har ya iya gocewa.