Tambaya da Amsa: Me ya sa yara ke sa lamba a gurbin harafi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye kusa da Ringim. Ɗana ya laƙaba wa kansa suna "H4ck3r" a Facebook, in kuma ya turo mini saƙo sai in ga "xan xo gobe" ko "lfy qlau". Maƙwabcina ya ce rubutun 'yan damfara ne. Daga ina abin ya samo asali?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ka kwantar da hankalinka, abu biyu ne mabambanta maƙwabcinka ya haɗa.

Wancan sunan, wato hacker (mai kutsen kwamfuta) da aka rubuta da lambobi, ya girmi ɗanka nesa ba kusa ba. A shekarun 1980 a Amurka, kafin intanet ta game gari, matasa masu kwamfuta kan haɗu ta layin tarho a zaurukan saƙo da ake kira BBS. Wasu masu kula da zaurukan sukan sa na'ura ta riƙa tace kalmomin kutse da na satar manhaja. Sai yaran suka koma sa 3 a gurbin E, 4 a gurbin A, 7 a gurbin T, 0 a gurbin O. Mutum ya karanta ya gane, na'ura ta wuce ba ta gani ba. Salon ya samu suna leet, ko 1337, wato na fitattu, domin fitattun zauren ne kawai ake buɗe wa ɗakunan ciki. Zaurance ne dai irin wanda 'yan mata ke yi a dandali: a ɓoye wa bare, a nuna wa na gida an iya.

Kafin su akwai masu yi wa kamfanin tarho wayo. John Draper ya shahara da usur ɗin wasan yara da ake sakawa a kwalin abincin Cap'n Crunch, wanda ƙararsa ta 2600 hertz ke ruɗar layi a yi kiran nesa kyauta. Masu wayon tarhon nan ne suka yayata rubuta ph a gurbin f, kuma daga nan aka samu phishing, sunan damfarar da ta ɓulla a AOL, wani kamfanin intanet na Amurka, a tsakiyar shekarun 1990. Wasu kalmomin ma tuntuɓen yatsa ne aka riƙe da gangan, kamar pwn a maimakon own, don P na maƙwabtaka da O a madannai.

Namu na gida daban ne. Tsofaffin wayoyin Nokia ba su da ƙ, ɗ da ɓ, saƙon tes kuma haruffa 160 ne, in ka wuce a caje ka kuɗin biyu. Shi ya haifi "slm", "ykk" da "ngd". Ni q ɗin nan ina yi mata uzuri, ko ba komai ta raba ƙasa da kasa. Amma x a gurbin z yayi ne kawai, z tana nan daram a kowace waya.

Inda musanyar harafi ke cutarwa shi ne adireshin bogi: a sa sifili a gurbin O cikin sunan banki, a nemi lambar BVN ko lambar sirrin katinka. Ka ja masa kunne kan wannan, kai ma ka kiyaye. Sannan ka sa masa madannan Gboard na Hausa, akwai haruffa masu lanƙwasa a ciki, ka kuma riƙa leƙa littafinsa na insha'i, don mai duba jarrabawar WAEC ba zai karɓi "xan xo" ba.